Raddi Ga Masu Cewa Kifin Botiya Na Hayayyafa Cikin Sauƙi A Tankin Gida

Wata magana ta yaɗu tsakanin masu ajiye kifin ado, har wasu 'yan kasuwa sun mai da ita abin tallan haja. A kan kifin nan ne mai ruwan lemo da baƙaƙen ɗamara uku, wanda Turawa ke kira clown loach, mutanen Indonesiya kuma, inda can ne asalinsa, suke ce masa botiya. Masu maganar sun ce sa shi ya hayayyafa a tankin gilashi na gida ba wani aiki ba ne: a sami mace da namiji, a cika musu ciki, a kwarara musu ruwan sanyi, sai a zauna jiran 'ya'ya. Hujjoji biyar suke kafawa. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, domin wannan magana tana jawo wa kifin wahala, wani lokaci har da mutuwa.

Sai mu fara sanin wanda ake magana a kansa. Masani ɗan ƙasar Holan, Pieter Bleeker, shi ya fara bayyana wannan kifi a ilmance a 1852. A 2004 Maurice Kottelat ya ware masa jinsi nasa shi kaɗai, aka koma kiransa Chromobotia macracanthus. Gidansa manyan kogunan tsibiran Sumatra da Borneo ne, irin su Batang Hari da Musi da Kapuas. Yana iya kai santimita 30, yana kuma iya wuce shekara 20 a raye. Wanda ake sayarwa a shago mai tsawon ɗan yatsa, jariri ne. Duk amsoshin da ke tafe daga nan suka taso.

Hujjarsu ta farko ita ce rawa. Sun ce idan ka ga kifayen suna hawa da sauka a jikin gilashi a jere, ko ka ga biyu sun manne gefe da gefe suna iyo kamar an ɗinke su, to neman aure ne.

Amsa: botiya kifin taro ne, kuma wannan ɗabi'a tasa ce tun yana ƙarami. 'Yan santimita biyar, waɗanda sauran shekaru su balaga, suna yin wannan rawa bayan an sauya musu ruwa, ko an kunna fitila, ko lokacin abinci ya gabato. Mannewar ma yawanci ƙarami ne ke bin babba, ya kwanta a gefensa yana kwaikwayon duk juyin da ya yi, ba tare da la'akari da mace ce ko namiji ba. Abin da jarirai ke yi kullum ba zai zama shaidar barbara ba. Kama da wane ba ta wane.

Hujja ta biyu ita ce koɗewar launi da ƙara. Sun ce idan baƙar ɗamarar nan ta koma toka-toka, kifi biyu suna ture juna baki da baki, ana jin ƙas-ƙas daga cikin ruwa, to lokaci ya yi.

Amsa: wanda ya zauna ya kalli wannan abu da kyau zai ga faɗa ne. Kifi biyu masu kusan girma ɗaya sukan koɗe, su zagaya juna, kowanne yana neman ya tura ɗan'uwansa baya. Wani lokaci sukan miƙe ƙayar nan mai kaifi da ke kwance a ƙarƙashin ido, wadda kan maƙale a raga idan an zo kamun su. Da an sami wanda ya ja baya, sai launi ya dawo, kowa ya koma harkarsa. Rikicin shugabanci ne, kuma a garke da yawa babbar mace ce ke riƙe da shi. Ƙarar kuwa ana jin ta a lokacin faɗa, ana kuma jin ta idan an jefa musu yankan kokwamba ko dodon koɗi suna rububi. Ƙarar da ake yi wa abinci ba za a kafa hujjar haihuwa da ita ba.

Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Sun ce sun ga cikin mace ya cika, wasu ma sun ce sun wayi gari sun tarar da ƙwai a ƙasan tanki.

Amsa: ba na ƙaryata su. Babbar mace da ta sami kulawa shekara da shekaru tana iya ɗaukar ƙwai, kuma akan sami wadda ta zubar da su a tanki. Sai dai tsakanin ɗaukar ƙwai da samun 'ya'ya akwai matakai, kowanne da sharaɗinsa. Dole ƙwan ya kammala nuna a ciki, dole mace ta sake shi, dole a sami namijin da ya shirya a daidai wannan lokaci ya zuba maniyyi, sannan ƙwan ya tsira har ya ƙyanƙyashe. A tankin gida yawanci abin yana tsayawa ne tun a matakin farko, jikin mace ya sake shanye ƙwan. Idan ma ta zubar, sau da yawa ƙwai ne da maniyyi bai taɓa ba, sai su yi fari su ruɓe, ko garken ya cinye su kafin gari ya waye, don botiya ba ya gadin ƙwansa. Ban da haka, ba kowane kumburin ciki ne ƙwai ba. Cin da ya wuce kima yana kawo shi, ciwon da ke tara ruwa a ciki ma haka. Wanda ya ɗauki ciwo a matsayin albishir, sai ya makara wajen magani.

Hujja ta huɗu ita ce dabarar ruwan sanyi. Sun ce tun da a damina kifin ke zuba ƙwai, to a rage ruwan tanki, a cika shi da mai sanyi, ka ga an yi damina ke nan.

Amsa: sun ɗauki abu ɗaya daga damina sun bar sauran. A Sumatra da Borneo, idan ruwan sama ya sauka koguna suka cika, manyan botiya sukan yi ƙaura su hau kogi zuwa inda ruwa ke gudu da ƙarfi, a can suke barbara. Ƙwan da aka zuba ba ya manne wa dutse ko ganye. Yana shan ruwa ya kumbura, igiyar ruwa ta ɗauke shi tana juya shi, ya ƙyanƙyashe cikin ƙasa da kwana ɗaya yana kan tafiya. Daga nan ambaliya ta kai jariran cikin fadamu da dazuzzukan da ruwa ya malale, inda ƙananan halittun da za su ci suke jibge. Tafiya, da zurfi, da gudun ruwa, da fadama, duk babu su a akwatin gilashi mai tsawon mita ɗaya. Abin da ruwan sanyi ke iya jawowa a zahiri shi ne cutar farin ɗigo. Ɓawon jikin botiya ƙanana ne ƙwarai, shi botiyan yana cikin kifayen da wannan cuta ke fara kamawa, kuma ba ya jure wasu magungunanta idan an zuba su da cikakken ƙarfi. Kifin da ya saba da ɗumin digiri 25 zuwa 30, aka girgiza shi da sanyi farat ɗaya, an buɗe wa cutar ƙofa.

Hujja ta biyar ita ce kasuwa. Sun ce dubi yadda ƙananan botiya suka cika shaguna a duniya, in ba a gida ake haifar su ba, daga ina suke fitowa?

Amsa: daga hanyoyi biyu, kuma babu tankin gida a cikinsu. Ta farko kamu ne daga kogi. Masuntan Indonesiya suna jefa guntayen gora masu rami a ruwa, ƙananan kifin su shige su ɓuya, a ɗaga a zazzage. Miliyoyi ake fitarwa haka, har gwamnatin ƙasar ta hana fitar da manyan da suka isa haihuwa don kada iri ya ƙare. Hanya ta biyu allura ce. Masanan Indonesiya a cibiyar binciken kifin ado da ke Depok, tare da cibiyar bincike ta IRD ta Faransa, sun yi shekaru suna aiki a kan wannan, suka wallafa sakamakonsu a 2012. Ana yi wa iyayen allurar sinadarin da ke nunar da ƙwai, a matse ƙwai da maniyyi da hannu, a haɗa su, a zuba cikin mazurari da ruwa ke tasowa daga ƙasa don ƙwan ya yi ta juyawa kamar yana kogi. Duk mai kiwon tarwaɗa a ƙasarmu ya san irin wannan aiki, don ita ma tarwaɗa takan cika da ƙwai a tafkin kiwo amma ta ƙi zubawa sai an yi mata allurar Ovaprim an matse ta. Da ruwan sanyi da ƙoshi sun wadatar, da ƙwararru ba su sha wannan wahala ba.

Ban ce abin ba zai taɓa faruwa ba. An sami ɗaiɗaikun labarai na waɗanda suka tarar da 'ya'ya a manyan tankuna masu tsofaffin kifi, amma ba a sami wanda ya mai da shi hanyar da wani zai bi ya maimaita ba. Abin da ya faru bisa katari ba a koyar da shi a matsayin dabara. Hujja tana wuyan mai da'awa: ya nuna ƙwai masu rai, ya nuna ƙyanƙyasa, ya nuna 'ya'yan har ɗamararsu ta fito, sannan ya sake yi karo na biyu.

Kafin a kawo wannan, ina roƙon 'yan'uwa masu ajiye botiya su daina raba biyu daga garke da sunan haɗa aure, don kaɗaici na sa shi ya ɓuya ya rame. Su daina girgiza shi da sanyi, kada kuma wanda bai koya ba ya kusance shi da allura. A ajiye aƙalla biyar ko shida tare, a tankin da zai ɗauke su idan sun girma, wanda tsawonsa ya kusa mita biyu, da yashi mai laushi saboda gashin bakinsu, da wuraren ɓuya, da ruwa mai tsabta mai motsi. Mai sayarwa kuma ya ji tsoron Allah ya gaya wa mai saye gaskiya: abin da yake ɗauka amana ce ta shekara ashirin, kuma riƙe ta da kyau shi ne nasarar da ake nema a wajensa, ko da bai taɓa ganin ƙwai ko ɗaya ba.