FILIN ANTI: Amarci a Zanzibar

Wasiƙunku na wannan wata daga Unguwar Rimi, Malali da Kawo duk bakinsu ɗaya: wai angon zamani sai ya kai amarya Zanzibar ta huta kwana huɗu. To bari Anti ta faɗa muku abin da hoto ba ya nunawa.

Zanzibar tsibirai ne cikin tekun Indiya, manyansu Unguja da Pemba, sun haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami Tanzaniya. Daga Kaduna babu jirgin da zai kai ki kai tsaye. Sai kin gangara Abuja ko kin haura Kano, ki sauya jirgi a Adis Ababa. Kin ga kwana huɗun nan hanya ta cinye biyu. Ga biza da ake nema tun da sauran lokaci, ga katin allurar shawara, ga inshorar dala 44 kowane mutum da suka wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024. Duk da dala fa, ba naira ba. Wadda ta matsa wa ango ya ciwo bashi, ita za ta dawo ta tarar da buhun shinkafa wayam.

Amma wallahi gari ne mai shiga rai. Mafi yawansu Musulmi ne, za ki ji kiran salla, ki ga mata da lulluɓi kamar a Tudun Wada. Don haka mayafinki ya fi miki mutunci a can a kan kayan Turawan bakin ruwa. Harshensu ma akwai kalmomi masu kama da namu: labari su ce habari, sabulu sabuni, alƙalami kalamu. Kanumfarin da muke zubawa a kunu da turaren wuta, can yake tsirowa gona guda, ƙamshi har kan hanya. Da magariba a je Forodhani a ci gasasshen kifi, da safe a zaga lungunan tsohon gari a ga ƙofofin katako masu sassaƙa.

Kada a sa tafiya tsakanin Maris da Mayu, damina ce mai ƙarfi, sai dai ku kalli teku ta taga.

Ke kuma ɗalibar da ta rubuto cewa wani Alhaji zai kai ta kafin a ɗaura, ki ce masa ya fara turo magabatansa gidanku. Tsibirin ba ya gudu.

Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.