Jingar Turanci a Ƙaramar Sakandare: Ɗalibi Ake Aunawa ko Gidansu?

Duk wanda ya taɓa koyar da Turanci a ƙaramar sakandare ya san lokacin da ake yin yawancin aikin gida: da sassafe, kafin a kaɗa ƙararrawa, a kan taga ko a bayan aji. Littafi ɗaya ne ke zagayawa, na yaron da yayansa ke kwalejin ilimi, sauran kowa ya duƙufa yana kwafa. Shi ya sa idan malama ta zauna dubawa sai ta tarar yara talatin duk a gari ɗaya suka yi hutu, kawu ɗaya suka ziyarta, har kalmar da aka rubuta ba daidai ba ɗaya ce. Wani don tsabar gaggawa har sunan mai littafin yake kwafewa a ƙarshen wasiƙa.

Abin da aka saba shi ne a ce yaran yanzu malalata ne, a fito da su tsallen kwaɗo ko a zuba musu bulala. Yara suna da nasu laifin, amma kasonsu kaɗan ne. Jingar Turanci, yadda ake ba da ita a yawancin makarantun gwamnati, an tsara ta ne don wani gida da akasarin ɗalibai ba su da shi: gida mai wutar lantarki da tebur da ƙamus, da kuma babba mai jin Turanci da zai zauna kusa da yaro.

A ɗauki yarinya 'yar aji ɗaya a Kano ko Gusau. Ana tashinsu bayan azahar. Ta ci abinci, ta yi wanke-wanke, kafin la'asar ta saka hijabin Islamiyya, inda can ma hadda ke jiranta, kuma malamin hadda ba ya karɓar uzuri. Ta dawo dab da magariba. Idan gidan ana sana'a, akwai talla ko suyar awara. Idan akwai ƙanne, ita ce mai raino. Sai bayan isha'i ta buɗe jaka, a hasken fitilar wayar babanta, ta tarar da umarni: ta rubuta insha'i na kalmomi 200 kan ranar da ba za ta taɓa mantawa ba. Mahaifiyarta tana karanta Alƙur'ani da ajami, tana lissafin adashi a ka ba tare da kuskure ba, amma ba ta da abin da za ta ce game da wannan takarda. Yarinyar nan ba ƙin aiki ta yi ba. An ba ta abin da ba a koya mata ba, a wurin da ba mai koya mata.

Kuma darasin ba na wasa ba ne. A manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 an tsara a fara firamare da harshen gida sannan a koma Turanci, amma a aikace ɗalibai da yawa suna gama aji shida ba su iya haɗa jimla ba. Daga ranar da suka shiga sakandare, kimiyya da lissafi da sauran darussa duk da Turanci ake rubuta su. A ƙarshen aji uku akwai jarrabawar BECE, can gaba kuma ba mai samun gurbin jami'a sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, JAMB ma ta wajabta shi ga kowa. Shekaru ukun ƙaramar sakandare su ne damar ƙarshe ta cike giɓin, don haka ɓata su da aikin ganin ido asara ce babba.

Masu cewa a soke aikin gida kwata-kwata su ma sun wuce gona da iri. Harris Cooper na Jami'ar Duke a Amurka, shi da abokan aikinsa, sun tattara binciken da aka yi daga 1987 zuwa 2003 suka fitar da sakamako a 2006. Sun gano cewa alaƙar aikin gida da ci gaban ɗalibi tana da rauni a firamare, amma tana ƙarfafa daga aji bakwai, wato daidai da aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Najeriya. Ke nan a wannan mataki jinga tana da amfani. Sai dai Cooper ɗin yana goyon bayan ƙa'idar da ƙungiyoyin malamai da na iyaye a Amurka suka daɗe suna ba da shawara a kai: minti 10 a kowace shekarar karatu, duk darussa a haɗe. Ɗan aji bakwai minti 70 ke nan. A raba wannan tsakanin darussa fiye da goma, a ga abin da zai rage wa Turanci. Ba zai ɗauki insha'i da shafi biyu na nahawu da kwafar darasi daga littafin wani ba.

Ɓangaren da ba a cika magana a kai ba shi ne na malamin kansa. A ce yana da azuzuwa huɗu, kowanne da ɗalibai 80, abin da ba baƙo ba ne a manyan garuruwan Arewa. Littattafai 320 ke nan. Idan ya ba kowane insha'i minti uku kacal, ya karanta, ya ja layi ƙarƙashin kuskure, ya rubuta gyara, sai ya shafe awa 16 a kan jinga ɗaya. Ba zai yi ba, kuma ba wanda zai yi, balle mutumin da yake tashi daga makaranta ya wuce gona ko shago don albashi ba ya kai shi ƙarshen wata. Abin da ke faruwa shi ne a jibge littattafai a ofis, ya bi su da jan biro yana rubuta kalmar Turancin nan ɗaya mai nufin an gani, ya sa kwanan wata. Wani ma monita yake ba. Yaron da ya rubuta aikatau ba daidai ba a makon farko, haka zai ci gaba da rubuta shi har ƙarshen zango, ya ma ƙara tabbata cewa daidai ne tunda malam ya gani bai ce komai ba.

Yanzu kuma waya ta shigo. ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, a Afrilun 2024 kuma Meta AI ya shiga WhatsApp a Najeriya. Yayan da a da sai an roƙe shi ya rubuta, yau daƙiƙa kaɗan ta ishe shi ya miƙo insha'i mai tsabta da Turancin da ko malamin sai ya duba ƙamus. Wanda gidansu ke da babbar waya da data ya ci maki, wanda ba su da ita ya sha bulala, kuma cikinsu ba wanda ya koyi rubutu.

Wasu ƙasashe sun fuskanci matsalar ta hanyar da ta dace a duba. Faransa ta ɓullo da shirin Devoirs faits a Nuwamban 2017, inda ɗaliban ƙaramar sakandare ke zama a makaranta su yi aikin gidansu kyauta, da babba a kusa. Daga 2023 ya zama dole ga 'yan ajin farko. Dalilinsu ɗaya ne: gidaje ba daidai suke ba. Sin kuwa a Yulin 2021 ta ƙayyade rubutaccen aikin gida na ƙaramar sakandare kada ya wuce minti 90, ta kuma hana malamai ɗora wa iyaye dubawa da gyarawa. Najeriya ba ta da kuɗin Faransa, amma mayar da darasi ɗaya a mako ya zama na rubutu a cikin aji ba ya buƙatar kasafi. Malam yana zagayawa tsakanin benci, yana ganin hannun kowa, yana gyara jimla tun tana ɗanya. Ya ɗauki littattafai goma ya duba da kyau, mako mai zuwa wasu goma, kurakuran da suka fi yawa ya fito da su allo a gyara tare.

Abin da zai tafi gida kuwa ya zama ƙarami, wanda yaro zai iya shi kaɗai. Karatu ne kan gaba. Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya rubuta The Passport of Mallam Ilia, ɗan siririn littafi da ya fito a 1960, labarinsa a Arewa yake, da jirgin ƙasa da ramuwar gayya. Akwai Chike and the River na Chinua Achebe. Shafi biyu a dare, gobe a tambayi yaro da baki me ya faru, ba mai kwafa masa wannan. Ko a ce ya kawo kalmomi biyar daga allunan shaguna da kwalin magani da buhun taki. Ko ya tambayi kakarsa da Hausa yadda ake bikin aure a zamaninsu, ya rubuta jimla biyar da Turanci. Nan gidan da ba a jin Turanci ya zama shi ne mai kayan aikin, kuma kakar kowa daban ce.

Za a sha suka, musamman a makarantun kuɗi, inda iyaye da yawa suke auna ingancin makaranta da nauyin jakar yaro, masu makarantar kuma suna sayar da littattafan cike gurbi da ba a gadar wa ƙane. Shugaban makaranta da ya rage jinga sai ya yi bayani a taron iyaye da malamai, ya nuna littafin da aka gyara da gaske kusa da wanda aka sa wa hannu kawai.

Akwai kuma batun maki. A yawancin makarantu gwajin cikin zango yana ɗaukar kashi 30 ko 40 cikin 100 na sakamako, kuma wani ɓangare nasa daga jinga yake fitowa. Muddin ba a san hannun da ya rubuta ta ba, wannan makin na yaya ne ko na waya. Ya kamata a cire aikin da aka yi a gida daga lissafin, a maye gurbinsa da rubutun da aka yi a gaban malam da tambayoyin baki kan abin da aka karanta. Wannan gyara ba ya jiran Abuja ko hukumar tsara manhaja. Shugaban makaranta da malaman Turancinsa suna iya zartar da shi a zaman farko na zango.