Kujerar Taga a Jirgin Kano Zuwa Legas: Dama Ko Hagu?

Yawancin fasinjojin da ke tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ba su damu da inda aka zaunar da su ba. Da zarar jirgi ya ɗaga, sai wannan ya saki labulen taga, wancan ya kama gyangyaɗi. Wannan kuwa asara ce, musamman ga malamin makaranta, domin a cikin kimanin awa ɗaya da rabi jirgin yakan ratsa sama da kilomita 800, ya bi ta kan nau'o'in dazuzzukan da ɗalibai ke haddacewa a aji ba tare da sun taɓa ganinsu ba.

Abin da ya kamata mutum ya fara lura da shi shi ne rana. Jirgin Legas kudu maso yamma yake dosa, saboda haka da safe rana tana hagunsa, da yamma kuma tana damansa. Wanda ya zauna ɓangaren rana, haske zai kashe masa ido, ƙasa ta yi masa fari fat. Wanda rana ke bayansa shi ke ganin launin ƙasa da na itatuwa sosai. Watau mai son nazarin tsirrai ya nemi dama da safe, hagu da yamma. A dawowa kuma sai ya juya lissafin. A jirage irin Boeing 737, kujerar A ita ce tagar hagu, F kuma ta dama.

Sai dai ɓangaren rana ma yana da nasa amfani. Ruwa yakan mayar da haske kamar madubi, don haka ƙananan rafuka da fadamun da ba a ganinsu daga ɗaya gefen sukan yi walƙiya a nan. Mai neman sanin yadda koguna ke haɗuwa kafin su faɗa Kogin Neja, gara ya haƙura da zafin hasken. Kujerar da ke kan fiffike kuwa, ba ta da wani amfani ga kowa.

To, me ake gani? A kewayen Kano gonaki ne shimfiɗe, da itatuwa jefi-jefi. Da rani, ɗigon kore da ake hange a tsakiyar busassun gonaki sau da yawa gawo ne, itacen da ke fitar da ganye lokacin da sauran suka kaɗe, ya zubar da nasa da damina. Shi ya sa manomi ke barinsa: ba ya tare wa gero rana, ganyensa kuma taki ne. Can kudu itatuwa sukan ƙara kauri, kurmi ya bi bakin rafuka kamar koren zare, ga baƙaƙen tabon gobarar daji nan da can. Kusa da Legas sai kwakwar manja da ruwan gulbi. Wurin da taswirar aji ta shafa wa kore ta kira shi kurmi, yawancinsa yanzu gonaki ne da rufin kwano, kuma wanda ya gani da idonsa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan sare itatuwa.

Daga tsawon mita 10,000 ido na iya kaiwa kusan kilomita 350, amma hazon hunturu yakan rufe komai, gajimaren tsakiyar damina ma haka. Ƙarshen damina ya fi dacewa.

Wani zai ce ɗalibai nawa ne za su iya biyan kuɗin jirgi? Kaɗan ne ƙwarai. Amma malamai sukan je taro ko aikin Hajji, kuma hoton da ɗayansu ya ɗauko ta taga zai wadatar da aji guda. Lissafin kansa ma ba ya bukatar tikiti: a shimfiɗa taswira, a ja layi daga Kano zuwa Legas, a ɗaga tocila a madadin rana, a tambayi ɗalibi inda zai zauna a jirgin ƙarfe takwas na safe, da dalilinsa.