Jere Sana'a Ce: Matsayin 'Ya Mace a Fagen Adon Ɗaki

Gabatarwa

A garin Gammo da ke Ƙaramar Hukumar Kabo, kamar sauran garuruwan yammacin Kano har zuwa Gwarzo, ba a kai amarya ɗakinta sai an yi jere. Ana gobe ko jibi tarewa, gwaggwanni da yayye kan ɗunguma zuwa gidan ango, su kafa gado, su rataya labule, su jera kwanuka da tangaran. A cikinsu ba a rasa mace guda da ake jiran ta bakinta. Ita ke cewa a janye gado daga bakin taga, ko a sauke wancan labule domin bai dace da launin bango ba. In an gama, kafinta da tela da direba kowa ya karɓi haƙƙinsa, ita kuwa ladanta "sannu da aiki". Ra'ayin wannan maƙala shi ne, abin da matar nan ta iya ilimi ne, kuma ya cancanci a raya shi ya zama sana'ar da 'ya mace za ta dogara da ita.

Tushen Sana'ar

Adon ɗaki ba baƙo ba ne a wurin matan Hausawa. A da, magina maza ne ke tayar da bango, amma mata ke daɓe ƙasan ɗaki da madaɓi da ruwan makuba, suna yi suna waƙa. Daga nan ne adabin baka ya sami waƙoƙin daɓe. Baba ta Karo, wadda ta taso a yankin Zarewa, ta bayyana yadda ake shirya wa amarya ɗaki a labarin rayuwarta da Mary Smith ta wallafa a 1954. Kayan jeren sun yi ta sauyawa, daga ƙorai da faya-fayai zuwa tasoshi, daga nan zuwa kwanukan langa, sannan tangaran. Abin da bai sauya ba shi ne idon da ke tsara su, wato idon mace.

Sai dai da siminti ya kori daɓe, tayil da silin da kujerun kushin suka shigo, sai ɓangaren da ke kawo kuɗi ya koma hannun maza, aka bar mata da wahalar jerawa. A wasu wurare kuwa mata sun riƙe nasu. A Amurka, Elsie de Wolfe ta bar wasan kwaikwayo, ta karɓi aikin ƙawata wani kulob na mata a birnin New York a 1905, ta zama cikin na farko da suka mayar da adon ɗaki sana'a. A Nijeriya, Titi Ogufere ta kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa a 2007, kuma a 2020 ta hau shugabancin ƙungiyarsu ta duniya.

Dalilin Fifikon Mace

Hausawa na cewa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mace ce ke wuni a ɗaki. Ita ta san inda ƙurar hunturu ke shigowa, da kusurwar da zafin bazara ke taruwa, da inda yaro mai rarrafe zai janyo tangaran. Bugu da ƙari, gidan da aka rubuta wa "ba shiga" a buɗe yake gare ta, kuma matar gida za ta faɗa mata abin da ba za ta iya faɗa wa kafinta ba. Kasuwa ma ba ta yankewa, domin aure ba ya ƙarewa. A watan Oktoba na 2023 kaɗai, Gwamnatin Jihar Kano ta ɗaura auren ma'aurata 1,800 a lokaci guda, tare da ba su kayan ɗaki.

Abin da Ya Rage

Baiwar ido kaɗai ba ta isa. Sana'ar na buƙatar awo da lissafi da rubutacciyar yarjejeniya. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da faɗi, idan aka saka masa gado mai ƙafa 6 tsawo da faɗi, rubu'insa ya tafi. Sau da yawa sai ranar jere ake gane cewa kujerun da uba ya sayar da buhunan masara ya saya ba su da wurin zama, ko sif ya ƙi shiga ƙofa. Wadda ta iya aikinta za ta auna ɗakin tun kafin a je kasuwa, ta lissafa yadin labule kafin a yanko shi a Kantin Kwari, ta rubuta kuɗin kaya daban, ladanta daban, ta karɓi kafin alƙalami, ta ba da rasit.

Hanyar koyo kuwa a fili take. Yarinya na iya farawa da ɗinkin labule da zanin gado da rigar matashi a hannun gwanar tela. Wadda ta sami zarafin zurfafa karatu, akwai Sashen Zane-zanen Masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake koyar da fasahar yadi da ta tangaran. Wayar hannu ma ta sauƙaƙa nuna aiki, muddin ba a yaɗa hoton ɗakin kowa ba sai da yardarta, domin ɗaki sirri ne.

Amsa ga Masu Suka

Wasu na ganin wannan sana'a za ta ƙara wa iyaye nauyi, alhali kayan ɗaki sun riga sun jefa magidanta da dama cikin bashi. Kukan nasu gaskiya ne, amma gasa da rashin tsari ne suka jawo shi. Gwanar gaskiya ita ce mai iya gaya wa uwar amarya cewa kujeru uku sun wadatar. Wadda ke tura mutane sayen abin da ya fi ƙarfinsu dillaliya ce, ba gwana ba.

Wasu kuma na cewa abin kunya ne a karɓi lada a hidimar biki. To, ai mai kitso da mai lalle duk a biki suke aiki, kuma ba wanda ya zarge su da yanke zumunci. Taimakon 'yar'uwa na nan daram, amma wadda aka kira saboda gwanintarta, haƙƙinta ne a biya ta.

Kammalawa

Babban nauyi yana wuyan malamai masu shirin shiga aji. Malamin Hausa na iya tura ɗalibai wurin kakanninsu su tattaro kalmomi irin su madaɓi da makuba da taskira da adudu, ya sa su rubuta insha'in siffanta ɗaki, ya koya masu wasiƙar ciniki. Haka zai tsare harshe, ya kuma nuna wa yarinya cewa abin da innarta ta iya yana da daraja. A Hausa, gammo shi ne abin da ake naɗewa a ɗora a ka kafin a ɗauki kaya. Ba ya rage nauyi, amma yana sa a yi nisa da shi. Matan Gammo sun daɗe da ɗaukar wannan kaya. Abin da makaranta za ta ba 'ya'yansu shi ne gammon.