Dara Ta Ci Gida a Zangunan Kudu

Duk dattijon da ya taɓa sa ƙafa ya shafe gurabun dara a zangon Hausawa na Inugu ko Anaca ko Fatakwal, yana cewa wai caca yake hanawa, ina roƙonsa ya tashi yau bayan la'asar ya zaga bayan layinsu, ya leƙa shagon nan mai talabijin jere a bango. Ya tsaya ya ƙirga 'ya'yanmu nawa ne a ciki. Zai ga mai wankin takalmi ya jingine akwatinsa a bakin ƙofa. Zai ga mai yankan farce, da yaron mai albasa, da mai tura baro, kowa da doguwar takarda a hannu, ido ya yi jawur, yana rantsuwa wasa ɗaya ne ya yanke masa tikiti. In ya gama ƙirgar, ya dawo ya gaya mini wace cacar ya hana.

Raina a ɓace yake, kuma da mu manya nake. Masu waɗannan shaguna neman kuɗi suka fito, ba su taɓa ɓoyewa ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu muka kori yaran nan daga kan tabarma, yanzu kuma muke tafa hannu muna salati don mun same su inda ba mu so.

Wanda ya ci kasuwa a kudu ya san jira shi ne rabin sana'armu. Ka je Garki ta Awkunanaw, ko kasuwar shanu ta Ugwuoba a kan hanyar Inugu zuwa Anaca, ko layukan da ke kewaye da masallacin Bida Road, ko gindin gadar Neja, ko Mile 3 a Diobu, ko Oyigbo, labarin ɗaya ne. Direba ya sauke shanun da ya ɗauko daga Potiskum ko Mubi, sai ya yi kwanaki yana jiran lodin komawa. Mai albasar Aliero yana jiran dillali. Mai gadi yana jiran dare. A cikin wannan jiran dara take rayuwa. Mutum zai share ƙasa da tafin hannunsa a inuwar tirela, ya tona gurbi 30, layi 5 kowanne da gurbi 6. Wannan ya kakkarya tsinke 12, wancan ya tsinto tsakuwa 12. A yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku tun a dashe ba. Sai an gama ake fara tafiya, gurbi ɗaya kacal, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Ka jera uku, ka cire wa abokin wasanka ɗa guda. Ka jera huɗu, ba ka ci komai ba. Gwani kuwa doki yake ginawa, ya tsara 'ya'yansa yadda kowane motsi ci ne, ya ja ya ci, ya mayar ya ci, har ya tsince ka tas kana kallo. Ina sa'a a nan? Ina ƙuri'a? Lissafi ne zalla da haƙuri. Dakarkarin Zuru sun shahara da ita, Zabarmawa a Nijar suna ce mata dili, kakanninmu sun buga ta a gindin kuka tun kafin Bature ya sauka.

Abin da masu shafe gurbi ba su lura da shi ba shi ne taron da ke kewaye da 'yan wasan. Yaron da ya sauka daga Jibiya ko Gumel jiya, bai san kowa ba, bai iya ko gaisuwar garin ba, a nan yake tsugunawa a bayan manya. A nan ake tambayarsa ɗan wane ne, a wane gari. A nan dattijo yake gane mai saurin fushi da mai ha'inci da wanda yau bai karya ba. A nan ake jin wa zai tafi Sakkwato gobe don a ba shi saƙon gida. Kuma da ladani ya ɗaga murya, sai a bar tsinke da tsakuwa a inda suke, a tashi gaba ɗaya. Shagon caca kuwa ba ya tashi don kiran salla, kuma babu babba a ciki da zai dubi yaro ya ce masa ya isa haka.

A cikin gidaje ma haka. Lido, wadda aka yi wa rajista a Ingila a 1896 daga wani tsohon wasan Indiya, da katin Whot da wani Bature mai suna William Storey ya ƙirƙiro a 1935, sun zama 'yan gida a Najeriya. In an ɗauke wuta a ɗaki ɗaya mai mutum bakwai, uwa ta kunna fitila, ta zauna da 'ya'yanta. Autan gida ya ajiye lamba 14, kowa ya tafi kasuwa har da ita, ɗaki ya kaure da dariya. Matanmu da aka kawo aure kudu, waɗanda ba su da dangi a kusa kuma ba su jin harshen maƙwabta, da wannan kati suke sabawa da matan gidan haya. Maza kuma a kan bencin diraf suke haɗa gwiwa da Ibo, allo a kan cinya, ana buga ɗa da ƙarfi ana tsokanar juna. Ibo ma suna da nasu na gado, ncho, mai rami 12 da 'ya'ya huɗu-huɗu. Mun ga rikicin da ya faru a Anaca a Fabrairun 2006 da Oyigbo a Oktoban 2020, mun san darajar maƙwabcin da ya san sunanka, wanda zai buɗe maka ƙofarsa ran da gari ya rikice. Inugun nan ce ta zaɓi Malam Umaru Altine, Bafillacen Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garinta na farko a shekarun 1950. Cuɗanya da mutane ce ta kai shi can. Mu kuwa kullum ƙara toshe ƙofofin cuɗanyar muke yi.

Na san abin da za a ce mini, domin ni ma na zauna gaban malam. Caca haramun ce da nassin Alƙur'ani a Suratul Ma'ida, babu mai ja. Akwai hadisi mai tsanani a kan wasan ƙuri'a, kuma Risala, wadda muka tashi da ita, ta hana shi tare da shaɗaranji, yayin da malaman Shafi'iyya suka sassauta a kan shaɗaranjin muddin babu kuɗi kuma bai shagaltar daga salla ba. Fatawa ta malamai ce, na bar musu. Na kuma yarda akwai masu ɗora kuɗi a kan karta da lido, waɗannan a kore su, har ni zan taya. Amma Allah gafarta Malam, tambayata ɗaya ce. Ka tsawata wa tsofaffi biyu masu tsinke da tsakuwa a ƙofar masallaci don su ne idonka ya gani, kuma su ne ba za su mayar maka da magana ba. Yaushe ka ware huɗubar Juma'a guda a kan cacar ƙwallo da ke cikin wayar kusan kowane saurayin da ke sahu a bayanka? Na taɓa ganin wani babba ya fizge kwalin lido daga hannun yara ya yayyaga, ya zazzage su tas, alhali ƙaninsa na ciki ɗaya yana zaune a gefe, kai a sunkuye, yana zuba cinikin ranar a waya. Bai ce masa uffan ba, don shi a wurinsa mai riƙe da waya shiru yaron kirki ne.

Kada kuma wani ya zauna jiran hukuma. A Kano, Hisbah ta rufe shagunan caca a 2024. A watan Nuwamba na shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. To jihohin Ribas da Anambra da Inugu ba su da Hisbah, kuma ba za su rufe shagon da ke biyan su haraji don ɗan Bahaushe ya cinye jarinsa ba. Mu baƙi ne a nan. Iyakar ikonmu tabarmar ƙofar gida da rumfar kasuwa da bakin masallaci, kuma su ne muka watsar da hannunmu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranakun Litinin. Tun daga 9 ga Agustan 2021 da aka fara zaman gida na dole a ƙasar Ibo, an yi shekaru ana rufe kasuwannin Anaca da Inugu a wannan rana. Samari majiya ƙarfi a kulle cikin zango tun safe har dare, ba ciniki, ba fita. Wane Sarkin Hausawa ne ya ce a shimfiɗa tabarmi, a tara su, a yi gasar dara tsakanin 'yan shanu da 'yan gwari? Mun bar su da waya da bango huɗu, waya kuwa ba ta san Litinin ba.

Wasu sun fi mu sanin darajar abin da ke hannunsu. A 2015 Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya ci gasar Scrabble ta duniya a Perth ta Ostareliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Tunde Onakoya yana tattaro yaran ƙarƙashin gadar Oshodi a Legas yana koya musu shaɗaranji, har a Afrilun 2024 ya yi awa 60 yana bugawa a dandalin Times Square na New York don tara kuɗin karatun yara. Su suna ɗauko yaro daga titi su zaunar da shi gaban allo. Mu muna tashinsa daga gaban allo mu tura shi titi, sannan mu kira hakan tarbiyya.

Ranku ya daɗe sarakunan Hausawa na Inugu da Anaca da Fatakwal, da shugabannin kasuwa, da limamai: ba kuɗi ake nema a wurinku ba. Ku ware inuwa ɗaya a kowane zango. Ku sa dattijo ɗaya mai mutunci ya zauna a wurin. Dokar ta zama biyu kawai, ba a ɗora ko sisi, kuma ana kiran salla a tashi. Wanda ya karya a kore shi a gaban kowa. Tsofaffin da suka iya gina doki suna nan da ransu a Garki da Ugwuoba, ku aika a kira su su koya wa yara. Sannan ku tashi da kanku, da rawunanku, ku shiga shagon nan na bayan layi, ku kira kowane yaro da sunan ubansa ku fito da shi.