Tun Ran Gini, Ran Zane

Jama'a suna ɗokin ranar jefa ƙuri'a, amma ba su kula da ranar tsai da masu takara. A ganinmu kuwa, ran nan ne ake yin zaɓe na ainihi.

Ku dubi abin da ya auku a Jihar Arewa cikin 1951. Zaɓen hawa-hawa aka yi. Mutanen ƙauye su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi na gunduma, har a kai taron lardi mai fid da 'yan Majalisar Kaduna. A hawan ƙarshe aka yardar wa En'e ta ƙara mutanenta. NEPU ta ci nasara a birnin Kano a hawan fari, amma ko kujera ɗaya ba ta samu ba.

A 1959 aka ba kowane namiji baligi ƙuri'arsa ta asiri. Duk da haka, a 2022 wakilai ne kurum suka taru a Abuja, suka tsai da masu neman shugabancin ƙasa na APC da PDP. Talaka ya tarar an riga an tuƙa tuwo.

Shawararmu, a bar kowane ɗan jam'iyya ya zaɓi mai takara da hannunsa, a kuma ƙidaya ƙuri'a a gabansa.