Dandalin Iyali: Tsakanin man sanyaya da gam

Wanda ya ratsa zangon Sokode ko kasuwar Dapaong zai ga yadda samarinmu suka duƙufa wajen haɗa lasifika, fitilun sola da gyaran rediyo. Muna yi musu fatan alheri, amma akwai wani ɗan abu da ya kamata iyaye su sani.

A watannin Maris da Afrilu zafin Dapaong yakan kai digiri 40. Ƙananan sassan da ke cikin amfilifaya, irin su TDA2030, suna ƙara nasu zafin, kuma da zarar cikinsu ya haura kimanin digiri 150, lalacewa ta kusa. Shi ya sa ake ɗaura su a jikin farantin alminiyam mai tsage-tsage, a shafa wani abu tsakani domin zafi ya wuce.

Abin shafawar iri biyu ne. Akwai farin mai, wanda ba ya mannewa, sai an ɗaure da kusa mai zare. Akwai kuma gam mai ɗaukar zafi, wanda ake gauraya kashi biyu. Idan ya bushe, ba ya ɓamɓaruwa sai da ɓarna. Kowannensu, kwatankwacin ƙwayar shinkafa ya wadatar, domin yawansa tare zafi yake yi.

Inda muke jin tsoro shi ne dabarar maye gurbinsu. Man goge baki bushewa yake yi. Gam ɗin nan mai kamawa nan take kuwa zafi yana raunana shi, hayaƙinsa yana yaji a ido, kuma idan ya zuba a kan auduga yakan ɗauki zafin da zai ƙona fata.

Saboda haka, a zare waya daga wuta kafin a taɓa komai, a kuma jira, domin kwandansa tana riƙe wuta. Idan akwai siririn faifan maika tsakanin sashen da farantin, kada a yar da shi. Shi ke tsare wuta. A yi aiki inda iska take shiga, a ɗage bututun daga hannun ƙananan yara, a kuma kankare gam daga yatsu kafin alwala, tunda yana hana ruwa isa fata.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sanya albarka a sana'arsu.